Sauraron wannan mako: kiɗan jazz na ƙasar Norway

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wannan makon Norway muka nufa.

Ku fara da Jan Garbarek, mai busa saksofon, a faifansa Afric Pepperbird na 1970 da kamfanin faya-fayai na ECM ya fitar. Su huɗu ne kacal: shi, Terje Rypdal a jita, Arild Andersen a bas (babban abin kiɗa mai tsirkiya da kaurin sauti), Jon Christensen a ganga. Busarsa a nan da zafi take, har ƙara take yi. Sai daga baya ya koma jan sauti ɗaya mai tsawo, salon da ya fi taɓa min zuciya.

Cikin na yanzu ku nemi Marius Neset, shi ma mai busa saksofon, haihuwar 1985, shi kam yatsunsa ba sa hutawa.

Don Allah a sa abin kunne, lasifikar waya tana cinye bas ɗin. Mu tattauna ranar Asabar bayan Isha'i.