Maganar kare da kajin Maman yara

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya Fatakwal, ya ruwan saman nan naku da ba ya ɗaukewa? Shirun nan ya yi yawa. Tun bikin ƙanwarka ban ji ɗuriyarka ba, sai hotunan da kake sakawa a Facebook, inda na ga tumbi ya fara riga ka shiga ɗaki. Goggo ta ce in tambaye ka ko kifin can ne.

Shawara nake nema, tunda kai ka taɓa ajiye kare lokacin da kake Jos. Ka san mun tare a sabon gida a Inkil, kan hanyar Gombe, kuma katangar baya ba ta kai ko'ina ba. Kajin Maman yara sun shiga uku. Muzuru ya kwashe 'yan tsaki, tunku ya shiga akurki cikin dare, sannan wani mara tsoron Allah ya tsallako ya ɗauke babban zakaran da take ji da shi. Kai ka san kajin nan ba na ado ba ne. Da kuɗin ƙwansu ake biyan Islamiyyar yara, da su ake fita kunyar baƙo. Ranar da aka sace zakaran ko abinci ba ta ci ba, ni ma abin ya tsaya mini a rai.

Da na kawo maganar kare, Goggo ta ce ba da ita ba. Sai da na je wurin limamin masallacinmu, ya ce ajiye kare don tsaron dabbobi ko gona ko farauta ya halatta, hadisi ya zo da shi. Sharaɗinsa dai kada ya shiga ɗakuna, kwanonsa daban, in kuma ya sa baki a mazubinmu a wanke sau bakwai. Da haka ta sauko.

To, nan fa aikin yake, domin karen da aka kawo don ya tsare kaji shi ne zai iya ƙarar da su a yini guda. Babban yarona ya nace sai Alseshan, irin na 'yan sanda, wai abokinsa zai samo mana daga Jos. Na yarda yana da kaifin basira, asalinsa ma karen kiwon tumaki ne a Jamus. Amma cinsa ya fi ƙarfin aljihuna, kuma kare ne mai son bin duk abin da ya motsa, in bai sami mai horar da shi kullum ba. Kawu kuma ya haɗa ni da wani maharbi daga wajen Dass, mai irin siraran karnukan nan masu dogayen ƙafafu. Kyauta ma ya ce zai ba ni ɗan kwikwiyo. Na yi godiya na ce a bari. Kakanninsa kaf zomo da makwarwa suka tashi suna kora, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ranar da kaza ta buga fiffike a gabansa, ba zai tsaya tambayar ta waye ba.

Af, kafin in manta, mai shayin bakin layinku ya ƙara aure. Wanda kake cewa ba zai taɓa iyawa ba saboda tsoron uwargida. An yi walima, masa har ta yi saura, kowa yana tambayar ina kake.

Abin da ya kwantar mini da hankali na gan shi ne a rugar Fulanin da ke kawo mana nono. Na tarar da karyarsu kwance a gindin bishiya, 'yan tsaki suna hawa bayanta suna sauka, ko kunne ba ta ɗaga ba. Amma ina matsowa kusa da garke ta miƙe tana haushi, sai da mai rugar ya tsawata mata. Na ce wannan ita ce. Tana da 'ya'ya kuma, ba a yaye su ba.

Likitan dabbobi da na je wa da maganar ya ƙarfafa mini gwiwa. Ya ce in daina kallon suna da tsada, in kalli uwa da wurin da ɗan ya tashi. Kada a raba shi da uwar kafin ya cika mako 8, kuma a watanni ukun farko ne kwikwiyo yake sanin waye ɗan gida, don haka a lokacin ake so ya saba da kaji da yara. Ya koya mini gwaji: a sa masa igiya, a kai shi kusa da kaza. Wanda ya shinshina ya kau da kai, shi ake so. Wanda ya ƙura mata ido, jikinsa ya sandare, ya duƙa kamar zai yi tsalle, a bar wa masu shi. Na gwada 'ya'yan karyar rugar, wani ja mai farin ƙirji ya fi sauran natsuwa, shi na kama. Autarmu har ta fara neman masa suna.

Duk da haka ban saki jiki ba. Likitan ya ce ko mai hankalin ne kada a bar shi shi kaɗai da kaji sai ya wuce shekara, domin da wasa ƙaramin kare yake kashe ɗan tsako. Kada a jefa masa ɗanyen kayan cikin kaza in an yi yanka, a riƙa kwashe ƙwai da wuri, don wanda ya ɗanɗana ƙwai da wuya ya daina. Allurar ciwon haukan kare kuma in ya kai wata 3, a maimaita duk shekara, ga maganin tsutsar ciki da na kaska. Wannan allurar ba zan yi wasa da ita ba, gida cike da yara, ciwon kuwa in ya bayyana a jikin mutum sai dai addu'a. Akurkin ma zan sa masa raga da ƙofa mai sakata, tunda kare ba ya tashi sama ya kama shaho.

Abin da ya rage yana damuna shi ne maƙwabta. Kajinsu da awakinsu yawo suke, shi kuma namu kawai zai sani. Ba na son ranar da za a kai ni gaban mai unguwa a kan kazar wani. Shi ya sa na dage sai an gama katangar kafin ya zo, ga siminti ya yi tsada, magini kuma kullum sai gobe.

Masara ta ɗan sauko a kasuwar Muda Lawal, in kana so a saya maka a ajiye, ka yi magana da wuri. Ƙungiyar ƙwallonmu ta Wikki kuwa kada ma ka tambaya, mun bar wa Allah. Ka gaida madam da yara, ka ce wa babbar 'yarka, Maman yara tana jiran hoton saukarta. Sallah babba dai ba mu karɓar uzuri.

Naka,
abokinka na Bauchi