A riƙa koya wa ɗalibai renon fulawa a girinhaus

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum. Dan Allah ka ban ɗan fili in yi kira ga makarantunmu na noma masu girinhaus, wato ɗakin gilashi ko leda na renon shuke-shuke, kullum tumatir da tattasai ake koyarwa, fulawar cikin gida ko oho, alhali ga matasa nan bakin titi a Abuja da Kaduna suna cin abinci da ita.

Kuma wlh abin ba wuya. Ɗauki moda, tsiron nan mai dogayen ganye masu kauri a tsaye, ka yanka ganye gunduwa gunduwa, ka bari bakin ya bushe kwana biyu sannan ka soka a yashi, amma fa gindin ne zai shiga ƙasa, in ka juya shi ba zai yi saiwa ba. Moda mai ratsin ɗorawa a gefe kuwa in ka dasa yankan ganyenta ratsin ɓacewa yake, sai dai a raba ta daga tushe. Alobera 'ya'yan gefe ake cirewa. Yawan ban ruwa shi ke ruɓar da su. Wannan ai sai ɗalibi ya taɓa da hannunsa, allo ba zai koyar ba.

Naka,
Mai sayar da fulawa, Kaduna