Wasiƙar ƙorafi zuwa ga wani kamfanin jima da ke Challawa, Kano

Yallaɓai Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina rubuto maka ne a kan ruwan jima da magudanar kamfaninku ke kwararowa da shi cikin Kogin Challawa. Launinsa wani lokaci shuɗi-shuɗi, wani lokaci baƙi ƙirin, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tarbar mutum tun daga nesa.

Warin nan na sinadarin salfaid ne da kuke cire gashin fata da shi. Shi da tarkacen nama da kitse suke cinye iskar da ke cikin ruwa, shi ya sa da asuba ake ganin karfasa ta taso sama tana haki. Wannan kowa na gani. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kifin da bai mutu ba.

Sinadarin kuromiyam da ake jima da shi ba ya ruɓewa. Yana kwanciya a laka, inda tarwaɗa ke kiwo, ya taru a hantarta da ƙodarta. Jikinta sai ya koma yaƙi da guba, ta ƙone abincin da ta adana, ta rame, ta daina girma. Masunci ya jefa birgi, ya ɗago tarwaɗa mai ƙaton kai da jiki kamar bulala, an feɗe ta an tarar da hanta a koɗe. Kuromiyam ɗin kuma yana iya rikiɗewa zuwa nau'in da ya fi muni, wanda ke kutsawa cikin ƙwayoyin halitta ya lalata ƙwayoyin gado. Ɓarnar tana kaiwa ga ƙwai, wasu ba su ƙyanƙyashe ba, wasu su fito a nakashe. To me za a kama baɗi?

Kifin nan kuma miyar gidajenmu yake shiga, ruwan nan shi ake ba kayan lambu, shi ke gangarawa Tamburawa ya wuce Wudil.

Dokar 2009 ta NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin kare muhalli, ta wajabta wa masana'antun fata tace ruwansu kafin su sake shi. Muna buƙatar ku gyara matatarku ta riƙa aiki dare da rana, ku riƙa tsame kuromiyam kuna sake amfani da shi, a kuma auna ruwa da laka da kifin a gaban Sarkin Ruwa da wakilan masunta, a bayyana sakamakon.

Muna jiran amsarku a rubuce.

Naku,
Malamin kimiyya, ɗan gidan masunta,
Ƙaramar Hukumar Kumbotso