Wasiƙa zuwa ga ɗana da zai shiga Kwalejin Barewa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, mahaifiyarka ta gama haɗa akwatinka, saura maganar da ba ta shiga akwati.

Ka san inda za ka. A Katsina aka kafa makarantar a 1921, zamanin Gwamna Clifford, don horar da malamai. Ta koma Kaduna a 1938, ta sauka Zariya a 1949, sunan Barewa kuwa sai 1971 ta same shi. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa sun yi ta tun tana Katsina. Bayansu ga Shagari, Gowon, Murtala da Umaru 'Yar'aduwa. Za a yi ta karanta muku sunayen nan a wurin taro har ka haddace, amma ba ɗayansu da zai zauna maka jarrabawa. Taken makarantar ma abin da ya ce ke nan: "Man jadda wajada", wanda ya yi ƙoƙari shi ke samu.

Ranar farko za a ba ka gida. Sunayen gidajen tarihi ne: Lugard, Clifford, Ɗan Hausa (laƙabin Hanns Vischer ne, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano), Bello Kagara, Nagwamatse. Da sunan gidanka za ka yi shara, da shi za ka yi gasar guje-guje. In ka yi sakaci da gadonka ranar duba tsafta, gidan duka ake ragewa maki, kuma 'yan gidan ba sa mantuwa.

Kaya su ne masifar sabon ɗalibi a kowace makarantar kwana. Ka rubuta sunanka a cikin wuyan kowace riga da ƙugun wando da alƙalamin da ba ya wankuwa, bokiti kuma da fenti a gindi, don rubutun gefe kankare shi ake yi. Makullin kwaɗo biyu ne: ɗaya a zare a wuyanka, ɗaya wurin malamin gida. In ka yi shanya, zauna kusa da littafi har ta bushe. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli ka raba su ƙulli huɗu, kada ka kwance na biyu sai na farko ya ƙare. Yaron da ya buɗe duka a makon farko yakan yi abokai da yawa, sati uku kuma ya rasa su tare da garin. Gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa kafin magariba. Sanyin Zariya a Disamba ba wasa ba ne, ɗebi ruwanka tun dare, ka shafa mai a ƙafa kafin kaushi ya tsage ta.

Manyan ɗalibai ka gaishe su, aiken da bai saɓa doka ba ka je. Wanda ya nemi kuɗinka ko ya kira ka wani lungu da dare, kai tsaye wurin malamin gida, wannan ba tsegumi ba ne.

Ka koyi fayif, wasan da Sardauna ya shahara da shi: biyu da biyu, ana dukan ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Fara horar da hagunka da wuri, don nan abokin karawa ke aunawa.

Lokacin karatun dare ka fara da lissafi tun ido bai yi nauyi ba. Kuɗin kashewarka yana hannun malamin gida, karɓi kaɗan-kaɗan. Za mu zo ranar ziyara in Allah ya yarda. Hajiya ta ce kada ka yi wasa da asuba.

Mahaifinka.