Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyarmu ta Tallafa wa Masu Tabon Ƙuna da Rauni, Zariya

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa membobi.

A bana yawancin ƙarfinmu ya tafi ne ga waɗanda ƙofar hancinsu ta tsuke bayan ƙuna ko haɗarin babur. Da yawansu wutar hunturu ce ta ƙona su, ko fashewar risho, ko tafasasshen mai. Ciwon ya warke, amma tabon ya ci gaba da janyewa har numfashi ya koma ta baki. Sai minshari, bushewar maƙogwaro da rashin barci. Yaro kuwa ya daina zuwa makaranta saboda tsokana.

Mun raka marasa lafiya daga cikin Birni, Tudun Wada da Sabon Gari zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, muka taimaka da kuɗin mota da na gwaje-gwaje. Wasu iyaye sun ji zafi da aka ce su jira kafin a yi tiyata. Dalilin shi ne tabo yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara guda, ko fiye, kafin ya nuna ya yi laushi, kuma aikin da aka yi kafin nan yakan sake tsukewa. A wajen tiyatar, likita yana yanke tabon ya buɗe ƙofar, sannan sau da yawa ya ɗebo 'yar fata haɗe da guringuntsi daga gefen kunne ya dasa.

Inda muka yi sakaci shi ne bayan sallama. Ana sa 'yar roba a hanci ta tokare ƙofar, a riƙa wanke ta da ruwan gishiri, kuma ana iya kai wata 6 da ita. Wata yarinya ta cire tata saboda bikin yayarta, ba a mayar ba, hancin ya sake rufewa. Wannan ya yi mana ciwo ƙwarai, domin da mun leƙa gidan da wuri da ba a kai ga haka ba. Tun daga nan muka ɗora wa kowane marar lafiya memba guda da zai riƙa ziyartarsa duk mako.

Mun kuma yi faɗakarwa a makarantun Islamiyya: ƙuna ruwa mai sanyi take so na tsawon minti 20, ba ɗanyen ƙwai ko man goge baki ba.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a zama mai zuwa. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a biya, akwai yara da ke jiran aiki.

Sakatare