Masu sauraron waƙoƙin sababbin mawaƙa, ku dinga nuna mana inda gyara yake

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Dan Allah ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya same ni da na saki waƙata ta farko, don na san akwai yara irina da yawa a Kano da Kaduna da Jos da ba su da komai sai waya da murya.

Ni tela ne, da rana ina kan keke, amma tun ina sakandare nake rubuta waƙa a bayan littafi. Kuɗin situdiyo a Zoo Road ya fi ƙarfina, shi ne na sauke BandLab, manhajar ɗaukar murya da haɗa waƙa, a waya tunda kyauta ce, wani abokina ya haɗa min kiɗa da fiyano, na rubuta baiti uku da amshi a kan yayana da ya tafi Legas neman kuɗi shekara biyu ke nan bai leƙo gida ba. Ɗaukar murya kuwa sai wajen ƙarfe ɗaya na dare in janareton maƙwabta ya yi shiru, in kashe fanka, in lulluɓa da bargo don kar muryar ta dinga dawowa daga bango, in ɗaura safa a kan makirfon iyafis saboda iskar baki, ga zafin watan Afrilu gumi har cikin ido. Sati uku ina ɗauka ina gogewa.

Da na ɗora a Audiomack, dandalin sauraron waƙoƙi a intanet, na tura wa mutane a WhatsApp, wasu suka yi ta cewa wuta ce wuta ce, amma da na tambayi wane baiti ya fi burge su sai shiru, ashe ko rabi ba su ji ba. Wasu kuma zagi ne zalla, wai in koma in riƙe almakashina, wani har iyayena ya sako a ciki, mutumin da bai taɓa ganina ba. Wallahi abin ya yi min ciwo, kwana biyu na kasa buɗe wayar kuma saura kaɗan in goge waƙar.

Goggona ce ta hana, tsohuwar malamar firamare ce. Ta sa na kunna mata sau biyu sannan ta ce, ɗan nan maimaita min amshin nan da bakinka. Na ce "ka bar gari ka bar mu". Ta ce to ka ji, ka ja gaɓar farko don ta cika kiɗa, garin mutane ya koma garin tuwo. Kuma gaskiyarta, gari na mutane gaɓarsa ta farko gajera ce, na tuwo doguwa, ni da nake jin Hausa tun haihuwa ban lura ba saboda hankalina yana kan kiɗa. Ta ce waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya, kiɗa ne zai bi magana, kar in lanƙwasa kalma don in faranta wa fiyano. Na sako "kai" a farkon layin, dogon sautin ya sauka a kansa, gari ya zauna daidai.

Sai wani abokina mai adaidaita sahu ya kunna a sifikarsa, ya ce bes ɗin, wato sautin kiɗa mai kauri, ya haɗiye muryata, fasinja ba sa jin abin da nake faɗa. Ni da iyafis kaɗai na daidaita sautin shi ya sa. Na rage bes, na ɗaga murya, yanzu sai na saurara a waya da rediyo da kekensa kafin in yarda. Akwai dai shawarar da na ƙi ɗauka, wani ya ce in cusa Turanci a amshi don ta fi shiga kasuwa, ni kuma mahaifiyarmu na yi wa waƙar nan da yayana, so nake ta fahimci kowace kalma.

Roƙona ga masu sauraro, in waƙar yaro ba ta yi muku ba ku faɗa masa wane layi ne, wane minti ne, murya ce ko kiɗa. Kai kuma Edita, da za ku ware wani ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata inda masana waƙa da masu haɗa sauti za su saurari ta sababbin mawaƙa su yi musu gyara, da mun ji daɗi ƙwarai, don ba kowa ne yake da goggo irin tawa a gida ba. Waƙa ta biyun na kusa gamawa, goggona ta ce kar in kuskura in saki sai ta ji tukuna.

Naka mai karatu kullum,
wani tela daga Kano