Kada lambar bayan littafi ta ruɗe ku

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina gaida ku da ƙoƙari. Don Allah ku ba ni ɗan fili in yi magana da iyaye da malaman lakol masu sayo wa yara littafin hira, musamman yanzu da bakansi ta matso.

Bara na je Yamai, wurin masu shimfiɗa littattafai a ƙasa bakin titi na tsinci littattafan Narnia na marubucin nan C.S. Lewis da faransanci, guda bakwai cif, wani ya ɗaure su da roba. Munka yi ciniki na kawo wa ɗiyata nan Tawa. Kowane yana da lamba a baya, 1 zuwa 7, to ni da ita duk munka bi lamba kamar masu bin layin famfo, ta fara da Le Neveu du magicien tunda shi anka sa wa 1. Wallahi kuskure ne, kuma sai da ta shiga na biyu na gane.

Shi Lewis ba da wannan ya fara ba. Na farkon da ya fito a 1950 shi ne na zaki da mayya da armuwar, wanda anka sa wa 2, inda yara huɗu anka fitar da su daga Landan saboda bama-baman yaƙi, anka kai su gidan wani tsohon farfesa. Ƙaramarsu Lusi ta shiga armuwar na kaya tana ture manyan riguna, tana jira hannunta ya taɓa katako, sai ta ji sanyi, sai ga ta cikin daji ƙanƙara na zuba, ga kuma fitilar titi tana ci a tsakiyar itatuwa ba gida ba hanya. Daɗin wurin ke nan fa, ba ka san wa ya kafa ta ba, kai da Lusi duk baƙi ne. To ita ɗiyata tana zuwa nan sai ta ɗago kai ta ce, Baba ai na sani, ƙarfen da mayya ta ɓallo daga Landan ta jefi zaki da shi ne ya tsiro, kuma armuwar ɗin da iccen tuffa anka yi shi, farfesan ma yaron nan ne Digori. Ko gezau ba ta yi ba. Har akwai wurin da mai labarin ke cewa yaran ba su san wane ne Aslan, wato zakin, ba kamar yadda kai mai karatu ba ka sani ba, yarinya ta yi dariya ta ce ita kam ta san shi tun jiya.

Neveu ɗin nan a 1955 ya fito, shi ne na shida, an rubuta shi ne don wanda ya riga ya sha mamaki yana son a faɗa mishi mafari. Daga baya ne masu bugawa sunka sake lambobin bisa tarihin cikin labarin, kuma suna da hujjarsu, ban ɓoye ba: a 1957 Lewis ya amsa wasiƙar wani yaro ɗan Amurka ya ce ya fi karkata ga wannan tsarin. Amma cikin wasiƙar dai ya ce shi bai shirya jerin tun farko ba, kuma mai yiwuwa tsarin bai da wani muhimmanci can. Ni dai a ganina amsa ce ta dattijo mai lallashin yaro. Kakata da ke yi muna gatanan gatananku a tsakar gida ba ta taɓa farawa da ranar sunan Gizo ba, kawai ka gan shi ya riga ya ƙulla wa Ƙoƙi tsiya.

Haka wani abokina ya yi da littattafan wani marubucin, Tolkien, wai shi mai tsari, ya fara da Silmarillion na 1977 tunda can anka halicci duniyar, ya bar Hobbit na 1937, sunaye sunka yi mishi yawa ko kwata bai kai ba ya aje, har yau yana bisa telebijin ɗinshi yana shan ƙura.

Bana ƙanenta ne zai karanta. Na sayi sikoci na liƙe lambobin duka, na rubuta nawa da biki, ita kuma na ja mata kunne kada ta kuskura ta ce mishi komai game da fitilar nan.

Naku,
wani mai karatunku daga Tawa